James Madison, 1751–1836: Mutumin da Ya Yi wa Lamiri Shinge da Doka

A watan Janairu na shekara ta 1774, wani saurayi mai shekara 22 a yankin Virginia, cikin ƙasar da ake kira Amurka a yau, ya aika wa abokinsa William Bradford wasiƙa zuwa Filadelfiya yana cike da baƙin ciki. Ya ba shi labari cewa a gundumar da ke maƙwabtaka da tasu akwai mutum biyar ko shida a kurkuku. Ba su yi sata ba, ba su zub da jinin kowa ba. Laifinsu shi ne sun bayyana bangaskiyarsu a fili. Waɗanda aka kulle masu wa'azi ne na ɗarikar Baftis, waɗanda suka kulle su kuwa Kirista ne, suna aiki da ikon ikkilisiyar da gwamnati ta ɗauka tata. Sunan saurayin James Madison. Bayan shekara 35 ya zama shugaban ƙasar Amurka na huɗu, amma abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne aikin da ya yi a kan kundin tsarin mulkin ƙasarsa, da kuma dokar da ta hana hukuma tsoma hannu tsakanin mutum da Mahaliccinsa.

Labarinsa ya shafi kowane gida a Nijeriya, gama tsarin shugaba mai cikakken iko, da majalisa biyu, da kotun ƙoli, wanda ƙasar ta ɗauka a 1979, daga ginin da Madison da abokan aikinsa suka yi aka kwaikwayo shi. Ya kuma shafi masu bi ta wata fuska dabam, domin gwajin da ya fi tsanani a rayuwarsa ya zo ne sa'ad da aka nemi a yi doka don amfanin Kirista, shi kuwa ya ƙi.

Haihuwa da karatu

An haifi James Madison ranar 16 ga Maris, 1751, a Port Conway cikin Virginia, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin Sarkin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma sha biyu. Ya girma a babbar gonar mahaifinsa a gundumar Orange, gonar da aka sani da suna Montpelier, inda bayi suke noman taba. Mahaifinsa yana cikin dattawan ikkilisiyar Angilikan ta yankin, saboda haka yaron ya tashi a cikin ɗarikar da take da gata a wurin hukuma.

Tun yana ƙarami ba shi da ƙoshin lafiya. Ko da ya zama magidanci, tsayinsa bai wuce ƙafa biyar da inci huɗu ba, muryarsa kuma ƙarama ce, har sau da yawa masu rubuta jawabai a majalisa sukan kāsa jin abin da yake faɗa. Abin da ya rasa a jiki ya same shi a karatu. Ya yi shekara biyar a hannun wani malami mutumin Scotland mai suna Donald Robertson, daga baya wani fasto, Thomas Martin, ya koyar da shi a gida.

A 1769 ya tafi kwalejin New Jersey, wadda ta zama Jami'ar Princeton. Shugaban kwalejin a lokacin shi ne John Witherspoon, faston ɗarikar Presbiteriya wanda ya zo daga Scotland a 1768, wanda kuma ya sa hannu a takardar shelar 'yancin kan Amurka a 1776. Madison ya gama karatunsa cikin shekara biyu, sa'an nan ya ƙara zama 'yan watanni yana koyon Ibrananci da ilimin ɗabi'a a gaban Witherspoon. Koyarwar wannan malami tana tsaye a kan abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna game da ɗan Adam: an halicce shi cikin kamannin Allah, don haka yana da daraja, ya kuma fāɗi cikin zunubi, don haka ba a sakar masa iko ba tare da linzami ba. Waɗannan abubuwa biyu sun bi Madison cikin dukan tunaninsa na shari'a. Ya karanta littattafan doka da yawa a gida, amma bai taɓa zama lauya ba.

Alfarma ko haƙƙi

Sa'ad da ya koma gida a 1772, ya tarar da Virginia cikin rikicin addini. Doka ta wajabta wa kowa biyan harajin da ake ciyar da limaman Angilikan da shi, ko mutum ɗan ɗarikar ne ko ba ɗanta ba ne. Mai wa'azi na wata ɗarika sai ya nemi takardar izini. 'Yan Baftis da yawa suka ƙi nema, suna cewa wanda Allah ya kira ba ya bukatar izinin alƙali. Aka yi ta kama su da sunan masu ta da hankalin jama'a. Aka yi wa waɗansu bulala, aka kulle waɗansu, waɗansu kuma suka ci gaba da wa'azi ta tagar kurkuku. Ɗaya daga cikinsu, James Ireland, ya yi watanni a kurkukun Culpeper tsakanin 1769 da 1770. Irin wannan ne ya sa Madison ya rubuta wasiƙar da aka ambata a farko.

Dama ta zo masa a 1776. Yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya riga ya ɓarke, wakilan Virginia kuma suka taru a Williamsburg don tsara sabuwar gwamnati. Madison, mai shekara 25, yana cikinsu. Wani dattijo mai daraja, George Mason, ya rubuta daftarin haƙƙoƙin jama'a, a ciki ya ce a yi haƙuri da kowa gwargwadon iko a kan al'amarin addini. Mutane da yawa suka ga wannan ci gaba ne babba. Madison ya ga rami a ciki. Wanda ya ce zai yi haƙuri da kai ya riga ya ɗora kansa a bisanka. Alfarma ce yake yi maka, mai yin alfarma kuwa yana iya janye ta duk ranar da ya ga dama. Ya nemi a sāke kalmomin, a rubuta cewa dukan mutane suna da haƙƙi daidai na yin addininsu a sake, bisa ga abin da lamirinsu ya nuna musu. Aka karɓi gyaran, aka zartar da takardar ranar 12 ga Yuni, 1776.

A shekarar da ta biyo baya ya tsaya takarar majalisar jiharsa ya fāɗi. Al'adar wurin ita ce ɗan takara ya shayar da masu zaɓe barasa ranar zaɓe. Madison ya ɗauki wannan a matsayin sayen ƙuri'a, ya ƙi yi. Abokin takararsa, wanda yake da gidan sayar da giya, ya shayar da jama'a ya ci zaɓen. Duk da haka majalisa ta naɗa Madison cikin masu ba gwamna shawara, inda ya yi aiki da Patrick Henry, daga baya da Thomas Jefferson, wanda ya zama amininsa har mutuwa ta raba. Daga 1780 zuwa 1783 ya wakilci Virginia a majalisar haɗin gwiwar jihohi goma sha uku.

Harajin masu koyar da addinin Kirista

Bayan yaƙi, ikkilisiyoyi da yawa a Virginia sun lalace. Gine-gine sun rushe, limamai sun watse, mutane suna kuka cewa ɗabi'a ta taɓarɓare. A 1784 Patrick Henry, wanda ba a yi mai iya magana kamarsa a jihar ba, ya goyi bayan wata doka da ta ce kowane mutum zai biya ɗan haraji don tallafa wa masu koyar da addinin Kirista, shi ne kuma zai zaɓi ɗarikar da za a ba kuɗinsa. A ido dokar tana da kyau. Ba ta fifita ɗarika ɗaya a kan wata ba. Manyan mutane sun so ta, har shugabannin Presbiteriya suka karkata gare ta da farko.

Madison ya yi dabara aka jinkirta ƙuri'ar ƙarshe har shekara mai zuwa, domin a ji ra'ayin jama'a. Tun kafin nan an riga an zaɓi Henry gwamna, ya bar majalisar. A watan Yuni na 1785 Madison ya rubuta takardar koke da gargaɗi mai dalilai goma sha biyar, bai sa sunansa a kai ba, aka yi ta yawo da ita gari gari ana sa hannu.

Dalilinsa na fari na tauhidi ne. Ya nuna cewa hakkin da ke kan mutum na yi wa Mahaliccinsa sujada ya riga hakkin da ke kansa ga kowace hukuma, ya kuma fi shi nauyi. Mutum talakan Mai Mulkin sama da ƙasa ne tun kafin ya zama ɗan wata ƙasa. Saboda haka majalisa ba ta da hurumi a wannan fage, ko da mafi yawan jama'a ne suka aike ta. Masu karanta Littafin Ayyukan Manzanni sura 5 za su gane wannan, gama a can ne Bitrus da sauran manzanni suka fifita biyayya ga Allah a kan umarnin majalisar da ta hana su wa'azi.

Ya kuma yi gargaɗi cewa ikon da zai iya ɗaukaka addinin Kirista bisa sauran addinai yau, shi ne zai iya ɗaukaka ɗarika ɗaya bisa sauran ɗarikoki gobe. Hukumar da ta iya tilasta wa mutum ba da taro guda, wato kwabo uku, don wani addini, za ta iya tilasta masa kome a wannan fanni. Ya tuna wa masu karatu cewa bishara ta bazu a ƙarnukanta na fari ba da taimakon sarakuna ba, har ma suna gāba da ita. Ya ce an gwada haɗa ikkilisiya da hukuma kusan ƙarni goma sha biyar, abin da aka girba kuwa shi ne girman kai da ragwanci a wurin limamai, jahilci da bautar ido a wurin jama'a, da tsanani daga kowane gefe. A ganinsa, mai cewa addinin Kirista zai mutu idan gwamnati ba ta ciyar da shi ba, yana raina ikon da ke cikin bisharar ne.

'Yan Baftis suka fito da nasu koke, Presbiteriya suka sāke shawara suka juya wa dokar baya. Sa hannun masu ƙin dokar ya haura dubu goma, dokar kuwa ta mutu ba a ko kaɗa mata ƙuri'a ba. Madison bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wani daftari na 'yancin addini da Jefferson ya rubuta tun 1777, wanda aka yi watsi da shi, ya tura shi har ya zama doka a watan Janairu na 1786, Jefferson yana can Faransa yana aikin jakadanci. Daga ranar ba a ƙara tilasta wa kowa a Virginia biyan kuɗin wata majami'a ba, ba a kuma rage wa kowa haƙƙinsa na ɗan ƙasa saboda bangaskiyarsa.

Taron Filadelfiya

A waɗannan shekaru haɗin kan jihohin yana ta sassautawa. Gwamnatin tsakiya ba ta da ikon karɓar haraji, bashin yaƙi ya yi mata katutu, jihohi suna sa wa juna kuɗin fito, manoma a Massachusetts kuma suka yi tawaye a 1786. Madison ya kulle kansa a ɗaki da littattafan da Jefferson ya aiko masa daga Faransa, ya bi tarihin ƙasashen da suka taɓa yin tarayya, tun daga biranen Girka na dā har zuwa Holan da Suwizalan, yana neman abin da ya kayar da su. A Afrilu 1787 ya rubuta jerin cututtukan tsarin ƙasarsa. Abin da ya fi damunsa a ciki shi ne zaluncin masu rinjaye: majalisun jihohi, waɗanda jama'a suka zaɓa, suna yin dokokin da ke danne marasa rinjaye.

Taron rubuta kundin tsarin mulki ya zauna a Filadelfiya daga 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba, 1787. Wakilai 55 suka halarta. Shirin da wakilan Virginia suka gabatar, wanda Madison ne ginshiƙinsa, shi ya zama tushen muhawara: gwamnati mai ɓangare uku, wato masu yin doka, da masu zartarwa, da masu shari'a, kowane yana taka wa ɗan'uwansa birki. Madison ya zaɓi kujera a gaba, bai yi fashin ko yini ɗaya ba, yana rubuta abin da kowa ya faɗa. Wannan rubutu nasa, wanda aka buga a 1840 bayan rasuwarsa, shi ne babbar shaidar abin da ya gudana a zauren.

Ba kome ya samu ba. Ya so a raba kujerun majalisar dattawa bisa yawan jama'a, ƙananan jihohi suka ƙi, aka ba kowace jiha kujera biyu. Ya so gwamnatin tarayya ta sami ikon soke dokokin jihohi, aka kayar da shi. Ya ji zafin waɗannan, amma ya sa hannu tare da sauran mutum 38, ya kuma fita ya kāre kundin da dukan ƙarfinsa. A cikin kundin akwai sashen da ya hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙamin tarayya, abin da baƙo ne a duniyar wancan zamani.

Domin shawo kan jama'a, shi da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta maƙaloli 85 a jaridun New York, waɗanda aka sani da takardun Federalist. Ana lasafta 29 daga ciki nasa ne. A ta 10 ya yi bayani a kan ƙungiyanci. Ya ce rarrabuwar mutane bisa addini, da dukiya, da son shugabanni, a cikin halin ɗan Adam take. Ba za a kawar da ita ba sai an kashe 'yanci, wannan magani kuwa ya fi cutar muni. Abin yi shi ne a hana ta yin ɓarna. Masana na dā sun ɗauka mulkin jama'a sai a ƙaramar ƙasa yake yiwuwa, Madison ya juya maganar: idan ƙasa tana da faɗi, ƙungiyoyinta suna da yawa, zai yi wuya ɗaya ta tara rinjayen da za ta murƙushe sauran. A ta 51 ya nuna cewa mutane ba mala'iku ba ne, masu mulkinsu ma haka, saboda haka dole a ba gwamnati ikon tsare jama'a, a kuma tilasta mata ta tsare kanta. Ya ƙara da cewa yawan ɗarikoki shi ne mai gadin 'yancin addini. Annabi Irmiya ya riga ya faɗi irin ruɗin da ke cikin zuciyar mutum a sura 17. Madison ya ɗauki wannan sani ya gina tsarin gwamnati a kai.

Gyare-gyare goma

Kundin ya fito ba tare da jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa ba, wannan kuwa ya tsorata mutane da yawa, musamman 'yan Baftis da ba su manta da kurkuku ba. John Leland, sanannen mai wa'azinsu a gundumar Orange, ya rubuta dalilansa na ƙin kundin, ciki har da cewa ba a tsare 'yancin addini yadda ya isa ba. Madison da farko bai ga bukatar jerin ba. Ya kwatanta irin waɗannan rubuce-rubuce da shinge na takarda, wanda masu rinjaye sukan tsallake duk lokacin da suka so, kamar yadda ya gani a Virginia. Daga baya ya sāke tunani. Ya lura cewa haƙƙin da aka rubuta, aka koya wa 'ya'ya, yakan shiga jinin al'umma har ya zama abin kunya a taka shi.

Virginia ta amince da kundin a Yuni 1788 da ƙuri'a 89 a kan 79. A farkon 1789 Madison ya yi takarar majalisar wakilai da James Monroe, ya rubuta wa wani faston Baftis, George Eve, alkawarin cewa zai nemi a yi gyara don tsare lamiri. Ya ci zaɓen, ya kuma cika alkawari. Ranar 8 ga Yuni, 1789, ya gabatar da gyare-gyarensa ga majalisar da ba ta da marmarin sauraro. Ya nace har aka aika goma sha biyu ga jihohi, goma daga ciki suka zama doka ranar 15 ga Disamba, 1791. Na farkonsu ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati ko hana kowa yin addininsa, ya kuma tsare 'yancin magana, da na jarida, da na taro.

Akwai gyara ɗaya da ya ɗauka ya fi sauran daraja, wanda zai hana jihohi ma taɓa haƙƙin lamiri. Majalisar dattawa ta jefar da shi. Saboda haka waɗansu jihohi suka ci gaba da riƙe ikkilisiyar gwamnati, Massachusetts ba ta saki tata ba sai 1833. Sai a 1940 da 1947 ne kotun ƙolin Amurka ta ɗora wa jihohi waɗannan sharuɗɗa na addini.

A kan kujerar mulki

A 1794 ya auri Dolley Payne Todd, gwauruwa mai ɗa guda, wadda ta tashi a ɗarikar Quaker. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya yi wa Jefferson sakataren harkokin waje daga 1801 zuwa 1809, ya kuma gāje shi a shugabanci daga 1809 zuwa 1817.

Mulki bai sa ya manta da abin da ya rubuta ba. A Fabrairu 1811 ya hau kujerar na-ƙi a kan dokoki biyu cikin kwana takwas. Ta fari ta nemi tsara wa wata ikkilisiyar Angilikan a Alexandria yadda za ta gudanar da harkokinta. Ta biyu ta nemi ba wata ikkilisiyar Baftis a yankin Mississippi filin gwamnati kyauta. Ɗarikar da aka haife shi a ciki da ɗarikar da ta zaɓe shi, ma'auni ɗaya ya auna musu. A yaƙin da ƙasarsa ta yi da Birtaniya daga 1812, wanda a cikinsa aka ƙone fadarsa a Agusta 1814, ya sha zagi mai zafi daga 'yan hamayya, amma bai nemi dokar da za ta rufe musu baki ba. A lokacin yaƙin ya yi kiran ranakun addu'a bisa roƙon majalisa. Bayan ya sauka ya rubuta cewa ko wannan yana da haɗari, gama yana iya mai da addu'a kayan siyasa.

Game da bangaskiyarsa ta kansa, shi mutum ne mai kamewa, masana tarihi kuma sun saɓa a kai. Yana saurayi ya ƙarfafa Bradford da cewa ya kamata manyan mutane su fito fili su yi shaidar Almasihu. A tsufansa, a 1825, ya rubuta wa wani fasto cewa gaskatawa da Allah mai iko, mai hikima, mai alheri, wajibi ne ga zaman ɗabi'a a duniya da farin cikin ɗan Adam. Fiye da haka bai buɗe zuciyarsa ga jama'a ba.

Tabon da bai goge ba

Ba za a ba da labarin wannan mutum da gaskiya ba tare da ambaton bauta ba. Wanda ya koyar cewa lamirin kowa na Allah ne, ya mallaki 'yan Afirka fiye da ɗari. A 1783 wani bawansa, Billey, wanda ya zauna da shi a Filadelfiya, ya ƙwallafa rai ga 'yanci. Madison ya yarda a rubuce cewa Billey yana neman abin da su kansu suka zub da jini dominsa, amma maimakon ya 'yanta shi nan take, sai ya sayar da aikinsa na shekara bakwai. Kundin da ya kāre ya lasafta bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, ya kuma hana a dakatar da shigo da bayi kafin 1808. Ya san bauta mugunta ce, ya faɗa, amma mafitar da ya gani ita ce a kwashe 'yantattu a kai su Afirka, ya kuma shugabanci ƙungiyar da ta kafa Laberiya daga 1833. Da bashi ya matsa masa a 1834 ya sayar da bayi goma sha shida. A wasiyyarsa bai 'yanta kowa ba.

Ya rasu a Montpelier ranar 28 ga Yuni, 1836, yana da shekara 85, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka sa hannu a kundin. Bawansa Paul Jennings yana tsaye a gefensa. Jennings bai sami 'yancinsa ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Shekara 25 bayan rasuwar Madison ƙasar ta fāɗa yaƙin basasa a kan wannan al'amari da ya bari ba a warware ba. Shi da ya yi gargaɗi a kan yadda son kai yake makantar da hankali, ya zama misalin gargaɗin nasa.

Abin da ya bar wa Nijeriya

Haƙƙoƙin ɗan Adam sun shiga dokar Nijeriya ta wata hanya dabam. Hukumar Sir Henry Willink, wadda ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ita ta ba da shawarar a rubuta su, suka kuma shiga kundin samun 'yancin kai na 1960. Fasalin gwamnati kuwa ya sāke ne bayan Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta sabon kundi a Oktoba 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Kundin 1979 ya bar tsarin Ingila ya ɗauki irin na Amurka, a ƙarƙashinsa ne Solomon Lar ya zama gwamnan farar hula na farko a Jihar Filato. Sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, wato abin da Madison ya nema ga jihohi bai samu ba. Sashe na 38 ya tsare 'yancin tunani, da lamiri, da addini, har da 'yancin sāke addini.

Rubutu yana nan, amma mutanen Jos sun san iyakar shingen takarda. Sun ga Satumba 2001, sun ga Nuwamba 2008, sun ga Janairu 2010. Sun kuma ga unguwar Daɗin Kowa, inda Kirista da Musulmi suke zaune a cuɗe, ta tsira daga kashe-kashen da suka cinye waɗansu unguwanni, domin dattawa, da mata, da shugabannin addinan biyu sun tsaya sun tsare matasansu, kowane ɓangare yana hana nasa. A wurin haƙƙin maƙwabci ya fita daga takarda ya shiga zuciyar jama'a, kamar yadda Madison ya yi fata.

Abu mai sauƙi ne mai bi ya tuna da sashe na 10 da na 38 a garin da aka hana ikkilisiya filin gini. Gwajin gaskiya yana zuwa a inda masu bi ne suke da rinjaye, suke riƙe da kujerar gwamna da ta shugaban ƙaramar hukuma, a ranar da ake rabon aiki, ko gurbin makaranta, ko kujerun ziyarar Urushalima da kuɗin jama'a. A irin wannan rana ce Madison ya tsaya a 1785 da 1811, ya ƙi wa nasa abin da zai ƙi wa waɗansu. Ubangiji Yesu ya koyar da wannan ma'auni a cikin Matiyu sura 7, inda ya umarci almajiransa su yi wa mutane abin da suke so a yi musu. Ya kamata iyaye su koya wa 'ya'yansu waɗannan sassa biyu na kundi tare da wannan umarni. Allah ya ba shugabannin Nijeriya tsoronsa, ya ba ikkilisiyarsa ƙarfin dogara gare shi kaɗai. Amin.